Jar Allurar Sista Asabe

Duk wanda ya zauna a Sabon Garin Gusau a shekarun da aka ba Zamfara jiha ya san Sista Asabe. In bai san sunanta ba, ya san tafiyarta: doguwar mace ce baƙa, mai sauri kamar an aike ta, kuma ba ta tsayawa gaisuwar da ta wuce minti guda. Mahaifinta, Yohanna, daga kudancin Zariya ya zo aikin reluwe, a gidajen ma'aikatan jirgi aka haife ta ranar wata Asabar. Hausar Gusau ce a bakinta tun tana rarrafe. Da ta gama karatun jinya sai ta yi shekara shida a babban asibitin Zariya, a ɗakin masu ciwon daji, inda ma'aikata da yawa suke roƙon kada a tura su. Aure ne ya dawo da ita gida. Mijinta, Timothy, malamin lissafi ne a wata sakandare a Bungudu, kullum da safe ya hau babur ya tafi, ita kuma ta nufi wani asibitin kuɗi da ke Tudun Wada.

Mai asibitin likita ne, amma ya fi son kujerarsa da bakin gadon mara lafiya. Saboda haka duk aikin da ke da wari, ko jini, ko tsutsa, Asabe ake kira. Ba ta taɓa toshe hanci ba. Ƙananan ma'aikata har tsegumi suke yi, wai an cire mata jijiyar ƙyama tun a Zariya.

Da daminar 1997 aka kawo Malam Ɗahiru daga Kucheri. Manomi ne mai masara da gyaɗa, ɗan shekara arba'in da wani abu, mai sanyin magana. Kaluluwa ce ta fito masa a wuya ta ƙi sauka, har ta kai girman mangwaro, wata kuma ta biyo a hamata. An riga an kai shi Zariya, sun yanki ɗan nama sun duba, sun ce ciwon daji ne. Likitar da ta gan shi, Dakta Zahra'u, ta san Asabe tun zamanta a can. Lokacin kuwa ana tsakiyar wahalar man fetur, mota sai ta kwana biyu a layi. Sai ta rubuta takarda cewa a sayi maganin a Zariya, a kawo shi cikin ƙanƙara, Asabe ta riƙa yi masa a Gusau. Sau shida, duk bayan mako uku.

Mutum biyu suka rako shi. Matarsa Jummai, siririya, mai yin ƙuli-ƙuli, wadda ba ta ɗaga ido ba sai da aka yi mata magana. Da wansa Alhaji Shu'aibu, dillalin hatsi a kasuwar Tsafe, wanda shi ke ɗauke da hidimar, kuma ya tabbatar duk wanda ke barandar asibitin ya san haka.

Cikin magungunan akwai wani ja jawur. Asabe ta sa safar hannu biyu, ta lalubi jijiya mai kyau, ta ja kujera ta zauna. Ba a barin wannan magani ya tafi shi kaɗai, domin in ya kauce jijiya ya shiga nama, cinye wurin yake yi.

"Malam, bari in gaya maka tun yanzu," in ji ta. "Fitsarinka zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Za ka yi amai. Gashinka zai zube, har gemun."

Malam Ɗahiru ya shafa gemunsa ya yi murmushi. "Sista, in dai wuyan ya sauka, gemu ai ciyawa ce. Ta sake tsira."

Ya yi aman, gashin ya zube. Amma bayan allura ta biyu kumburin ya koma kamar ƙwan kaza, bayan ta uku kuwa sai ka lalaba da yatsa kafin ka ji wurin. Mutumin da aka shigo da shi yana karkace kai, ya fita yana waiwaye hagu da dama kamar sabon ango. Alhaji Shu'aibu ya kawo wa Asabe zabi biyu, ya tsaya a tsakar asibiti yana ɗaga murya: "Wannan baiwar Allah hannunta da albarka! Ko Makka aka tambaye ni, ni ka shaida!"

Ranar allura ta huɗu ba su zo ba.

Asabe ta aika saƙo ta hannun direbobin Tsafe, shiru. Ta sake aikawa, shiru. Ranar hutunta ta shiga mota da kanta. Ta sami Alhaji a rumfarsa tsakanin buhunan masara, ya gama cin tsire yana sakace haƙori. Bai ce ta zauna ba.

"Alhaji, saura uku. Ciwon bai ƙare ba, ɓuya ya yi."

Ya ciro abin da ya sakato, ya dube shi, ya mayar baki. "Sista, mutum ya warke. Idona ya gani, naki ya gani. Maganin ga kashe mai jiki yakai, ga kaka ta kama. Wa za ya cire mai gyaɗa? Ke?"

"In ya dawo, ba lalle maganin ya sake kama shi ba."

"Allah ba ya maido da shi," in ji Alhaji, ya tofar da yawu dab da takalminta, ya juya ga mai awo.

Ta wuce Kucheri. Ta sami Malam Ɗahiru a gona, ya ɗaura rawani a kan sanƙon da magani ya yi masa. Ya ji kunya ƙwarai, ya yi ta ba ta haƙuri, amma ya ce Yaya ya riga ya yanke magana, shi kuwa ba ya ƙetare maganar Yaya. Ta koma Gusau ranta a ɓace.

Wata huɗu aka yi. Cikin Fabrairu suka dawo, wuya ya kumbura ta gefe biyu, muryarsa ta shaƙe. Zariya suka ce a ci gaba da maganin a gani. Asabe ta yi allura ta huɗu kamar yadda ta yi na baya, ta zauna a kujerar nan har ɗigon ƙarshe. Mako uku, ba canji. Ta yi ta biyar. Ɗan gashin da ya tsiro ya sake zubewa, bakinsa ya yi ƙuraje har ruwa yana yi masa zafi, kumburin kuwa sai ƙaruwa yake yi.

Wata Talata da hantsi, asibiti cike da mata masu awon ciki, Malam Ɗahiru na kwance a ɗakin da ke kusa, Alhaji Shu'aibu ya shigo babbar riga na jan ƙasa.

"Ina take? Ina matar ga?"

Asabe ta fito daga ɗakin wankin ciwo, hannunta da safa.

"Maganin hwarko ya yi aiki don na gaskiya ne," in ji shi, yana nuna ta da carbi. "Wanga da kika ɗura mai mi ne ne? Mun san abin da kukai! Ku saida na ƙwarai, ku jiƙa zoɓo ku zuba ma mutane cikin jini!"

Wata mata ta ce, "Subhanallahi." Wata ta jawo ɗanta jikinta. Asabe ta tsaya tana kallon bakin da ya ce zai yi mata shaida a Makka, kumfa ta taru a gefensa fari-fari. Ba tsoro ta ji ba, ba ma fushi ba tukuna. Wani abu ne ya taso mata daga ciki, kamar ta taka abu mai laushi da ƙafa ba takalmi.

"A gabanka nake fasa kwalaben, Alhaji," ta ce. "Kai ke riƙe da kular ƙanƙarar."

"Idon mutum mi ya iya da wayon ma'aikaci?"

Mai asibiti ya kira ta ofis. Ya fi kowa sanin gaskiya, domin a firjinsa maganin ke kwana, makulli a aljihunsa. Ta same shi yana cin masa da yatsu, mai na bin bayan hannunsa.

"Sista, ni na san ba ki yi ba," ya ce, bai ɗago ba. "Amma kin san mutanen nan. Alhaji yana da jama'a, rabin masu zuwa nan daga Tsafe suke. Ki je gida ki huta mako biyu, ƙura ta lafa."

"Likita, fita za ka yi ka gaya musu abin da ka gaya mini yanzu."

Ya lashe yatsa. "Ba a kashe wuta da fetur."

Da ta zo fita, maigadi ya ce an ce ya duba jakarta. Ta buɗe masa. Ya juya tsefe da ɗan littafin waƙoƙin coci da ragowar biredi, kansa a ƙasa. Abokan aikinta, waɗanda ta sha karɓar wa aikin da suke gudu, kowacce ta sami abin da take nema a cikin fayil. Ranar Lahadi ma ba ta tsira ba. Bayan sujada a coci wata tsohuwar ƙawar mahaifiyarta ta riƙe mata hannu, ta ce cikin raɗa, "'Yata, zamanin nan da wuya, kowa ya sani. In ma kin yi, Ubangiji mai gafara ne." Asabe ta zare hannunta, ta je gida ta wanke shi da sabulu.

Timothy ya ce ta bar su da Allah, ta nemi wani wurin. Ta ce za ta bar su, amma ba da sunan ɓarauniya ba. Ta je Kucheri ta ce a shirya a tafi Zariya, da mara lafiya, da matarsa, da kwalaben allura ta shida da ba a fasa ba. Ta aika wa Alhaji cewa in yana da gaskiya ya zo a yi a gabansa. Ya zo, don kada a ce ya gudu.

Dakta Zahra'u ta duba kwalaben, ta duba bakin Malam Ɗahiru, ta sa aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito ta tara su a ɗan ofishinta.

"Alhaji, na ji abin da aka ce. Zoɓo ba ya zubar da gashi. Ba ya sa ƙurajen baki, ba ya rage ƙwayoyin jini yadda na gani a takardar nan. Magani ya shiga jikin ƙaninka, na gaske, cikakke."

"To don mi bai yi aiki ba?"

Ta jawo takarda ta zana ɗan da'ira. "Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, ciwon nan ma haka. A cikin kowace ƙwaya akwai wani zare, a jikinsa yake rubuce yadda za ta rayu ta hayayyafa. Aikin maganin shi ne ya tsittsinka zaren. To in ya tsinke, akwai wasu sinadarai a cikin ƙwayar, inzayim muke ce musu, aikinsu kai saƙo. Wasu su kai saƙon cewa ɓarna ta yi yawa, ƙwayar ta mutu. Wasu su kai saƙon a dakata a ɗinke. Da farko yawancin ƙwayoyin ciwon saƙon mutuwa suka bi, shi ya sa wuyan ya sauka. Amma akwai 'yan kaɗan da masu saƙon gyara suka fi ƙarfi a cikinsu. Su suka ɗinke suka tsira, su suka hayayyafa. Duk kumburin da kake gani yanzu zuriyarsu ce. Maganin yana yankawa, suna ɗinkewa."

"Ba a iya toshe masu saƙon?" Asabe ta tambaya, ko da yake ta san amsar.

"Masu bincike suna kai. Ba su ma gama tantance wane ke kai wane saƙo ba. A hannunmu dai yau babu."

Malam Ɗahiru ya yi magana da shaƙaƙƙiyar murya. "Likita, da ban tsaya ba, da na warke?"

Dakta Zahra'u ta dube shi. "Da damarka ta fi haka yawa, Malam. Amma ba zan rantse ba. Akwai waɗanda ba su tsallake ko ɗaya ba, ya dawo musu." Ta ce akwai wani haɗin magani da za a iya gwadawa, ya fi wancan wahalarwa, sai an kwantar da shi, kuma ba ta yi alkawari ba.

Alhaji ya miƙe ya kaɗe riga. "Wato ciwon ya yi karatu ke nan, ya hi ku ilimi." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ku ma'aikatan asibiti bakinku guda. Wa za ya tona asirin wani? Akwai mutum mai magani gaba da Bilbis, rana guda yaka hidda irin wanga."

Dakta Zahra'u ta rubuta takarda mai hatimi cewa babu laifin ma'aikaciyar jinya. Alhaji bai karɓa ba. Asabe ta kai wa mai asibiti, ya karanta, ya ce madalla, ya sa a aljihun tebur ya kulle. Ba a karanta wa kowa ba. Ita ma ba ta koma aiki ba.

Bayan kamar mako biyar, da sassafe, tana shara a ƙofar gida, ta ga Jummai tsaye da mayafi a baki. Ba ta taɓa zuwa Gusau ita kaɗai ba, tambaya ta yi ta yi tun daga tasha.

"Sista, ki yi ma Allah," ta ce. "Na san abin da anka yi miki. Amma ba mu iya shiga ɗakin."

Mutumin na gaba da Bilbis ya tsaga wuyan da aska ta wuri uku, ya cusa wani baƙin gari da aka kwaɓa da man shanu, ya ɗaure da tsumma, ya ce kada a kwance sai kwana bakwai. Da suka isa Kucheri, tun daga zaure Asabe ta ji warin. An jawo tabarmar mara lafiya bakin ƙofa, an bar masa ƙwaryar fura ƙudaje sun rufe ta. Ta durƙusa ta jiƙa tsumman da ruwan gishiri ta ɓamɓare shi a hankali. Naman ya buɗe kamar rubabbiyar kabewa, yana motsi. Ta ciro hantsaki ta fara tsince tsutsar ɗaya bayan ɗaya tana jefawa cikin gwangwanin kananzir, tana yi masa hirar farashin taki don kada ya kula. 

Tana cikin ɗaure wurin da sabon bandeji sai ta ji ƙamshin turare mai ƙarfi ya haɗu da warin. Alhaji Shu'aibu ne a bakin ƙofa, ya danne hanci da farin hankici.

"A'a, Sista ce? Sannu da ƙoƙari, sannu. Ai na ce masu ke kaɗai ka iya wanga aiki. Allah shi yi albarka."

Haka ya faɗa, fuskarsa a sake, kamar jiya suka rabu lafiya. Asabe ta ƙarasa ɗaurin, ta miƙe, ta ratsa ta gefensa, ta zaga bayan rumbu ta yi amai har sai da cikinta ya ƙulle. Shekara goma sha tara tana aikin jinya, ranar ce ta fara amai a bakin aiki. Jummai ta kawo mata ruwa a buta.

Daga nan duk bayan kwana biyu take zuwa. Ba warkarwa take yi ba, ta sani, shi ma ya sani. Wankewa take yi, ta ba shi maganin zafi, ta koya wa Jummai yadda ake juya shi da yadda ake ɗura masa koko da cokali ta gefen baki. Warin ya ragu har 'ya'yansa suka koma shiga suna zama kusa da shi. Wata rana ya yi mata alama ta matso.

"Sista, ranar da Yaya ya yi miki abin ga, ina kwance ina ji. Ban ce komi ba. Ki yahe mani."

Ta so ta ce ba komai. Ta kasa, domin da komai. "Da ka yi magana, Malam," ta ce. Ta matse tsumma ta goge masa goshi. "Na yafe."

Ya rasu da ruwan farko, kafin a yi shuka.

Ba a yi wata guda ba mai asibiti ya aiko mata, wai an kawo wata mata da takardar Zariya, babu mai iya jar allura, abin da ya wuce ya wuce. Asabe ta je, amma ba ta shiga ofishinsa ba. Ta sami matar da mijinta a baranda, ta zauna ta yi musu bayanin abin da ke gabansu dalla-dalla, ta ce su koma Zariya a yi musu can ko da za su kwana a tasha. Ta ɗauki takalmanta na aiki da ta bari a kabad, ta fita. Daga baya ta sami aiki a wani ƙaramin asibiti a Bungudu, awon jarirai da rigakafi da karɓar haihuwa. Ita da Timothy suka koma can da zama. A nan ta ƙarasa aikinta.

Ƙarshen shekarar, ana ta shirin zaɓen ƙananan hukumomi, ta shirya ta je gaida Jummai da ta daɗe da fita takaba. A tashar Tsafe motarsu ta tsaya ana sauke kaya. Can gefe an tara jama'a, an ɗaura lasifika a kan a-kori-kura, wani na magana. Ta gane muryar kafin ta ga fuskar. Alhaji Shu'aibu ne ke neman kansila. Yana ba da labarin yadda ya yi jinyar ƙaninsa shekara guda, asibiti-asibiti, har Zariya, yadda ya ga wulaƙancin ma'aikatan lafiya da idonsa, yadda in an zaɓe shi talaka ba zai ƙara shan wannan ba. Da ya zo kan rasuwar sai muryarsa ta karye, ya share ido. Aka ɗauki kabbara.

Matar da ke kusa da Asabe ta girgiza kai. "Allah sarki, bawan Allah. Kin ji ɗan'uwa na gari."

Asabe ta zuge gilashi, ta tofar da yawu, ta mayar ta rufe duk da zafin da ake yi.

"Direba," ta ce, "in an gama sauke kayan mu tafi. Ina da nisa."

Ko ya ci zaɓen ko bai ci ba, ba ta taɓa tambaya ba.